Daga Kantin Auduga Zuwa Filaza: Tarihin Cefane a Unguwannin Gombe



Akwai wata tambaya da danginmu na Kano ba sa gajiya da yi mana duk lokacin da suka zo biki ko ta'aziyya: wai ku a Gomben nan ina kuke sayayya? Abin da suke nufi shi ne ba su ga Kantin Kwari ba, ba su ga Singa ba, ba su kuma ga wani ƙaton gini mai gilashi irin Ado Bayero Mall ba. Amsar da na saba ba su ita ce, mu a Tudun Wada ba ka yin taku hamsin ba ka ga inda za ka sayi sukari da ashana ba. To amma wannan amsar raha ce. Ainihin amsar tana da tsawo, domin ba a raba ta da tarihin garin kansa, ba a kuma raba ta da tarihin zuwanmu. Ni ɗan kasuwa ne jikan ɗan kasuwa, karatuna bai wuce sakandare ba, amma na zauna a shago tun ina aji uku na firamare, kuma wanda ya zauna a shago kunnensa ba ya rasa labari. Abin da na tattara daga bakin dattawa da ɗan abin da na karanta shi zan kawo a nan.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa Gomben da muke ciki yau yaron gari ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Masarautar ta samo asali ne daga Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a jihadin da aka fara a 1804, amma hedikwatarsa tana Gombe Abba ne, can bakin kogin Gongola. Bayan Turawa sun ci ƙasar, aka kuma yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, sai aka ɗauke sarauta aka kai Nafaɗa a 1913. A lokacin Nafaɗa ce ƙofar shigowar kayan Turawa, saboda idan ruwa ya cika jiragen ruwa kan hawo ta Binuwai su shigo Gongola har can. Shekara shida kacal aka yi, a 1919 aka sake tasowa aka dawo Doma, zamanin Sarki Umaru Kwairanga, domin nan ya fi zama tsakiya kuma ya fi kusa da ƙasar Tangale da Waja da ke kudu. Doma ɗin nan ita ce Gomben yau. Ka ga ke nan kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa, ta girme wa garinmu da sama da shekara 400.

Na tsaya a kan wannan ne saboda yana da nasaba da maganarmu. Garin da aka kafa a 1919 kusan kowa a cikinsa tasowa ya yi daga wani wuri, bambancin kawai wani ya taso daga kusa, wani daga nesa, wani ya biyo sarki, wani ya biyo kasuwa. Mu dai kasuwa muka biyo. Kuma wanda ya dubi taswira zai ga dalili: hanyar Bauchi ta yamma, hanyar Dukku da ke fita Darazo ta kai ka Kano, hanyar Bajoga zuwa Fataskum, hanyar Dadin Kowa zuwa Biu, ga kuma ta Kumo da Billiri da Kaltungo har Numan da Yola. Duk a nan suka haɗu. Inda hanyoyi biyar suka haɗu kuwa, ko ba a gayyaci Bahaushe ba zai zo da kolinsa.

Zamanin Auduga

Abin da ya ja kakana, Allah ya jiƙansa, daga ƙauyensu a ƙasar Kano a shekarun 1950 shi ne auduga. A can gonar gado ta yi musu kaɗan, su bakwai ne maza a gidan. A nan kuwa, kudu da Gombe wajen Kumo da Pindiga, ga baƙar ƙasa mai danƙo shimfiɗe, ga daji ba mai nomawa, dagaci zai yanka maka gona in dai ka yarda ka zauna ka biya haraji. Ba shi kaɗai ba ne. Wata Baturiya mai suna Mary Tiffen ta rubuta littafi guda a kan wannan zamanin, The Enterprising Peasant, wanda ya fito a 1976, inda ta bi diddigin yadda baƙi manoma da garmar shanu da auduga suka sauya tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968. Wato abin da tsofaffinmu ke faɗi a zaure, har Turawa sun ga ya isa a rubuta shi.

A 1956 aka kafa injin gurzar auduga a Gombe. Kamfanin da ke wannan aiki a Arewa shi ne BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa tun 1902 don su samar wa kansu auduga, kuma har yau akwai unguwa a garin nan da ake kira da wannan sunan, ko da yake yawancin yaran da aka haifa a cikinta ba su san abin da haruffan ke nufi ba. Sai kuma a 1963 layin dogo ya iso daga Bauchi, ya wuce ya kai Maiduguri a 1964. Waɗannan abubuwa biyu su suka mayar da Gombe garin kasuwa na sosai.

Yadda ake sayayya a lokacin ya bambanta da na yanzu ta wata fuska da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, wato lokacin da kuɗi ke shigowa hannun mutane. A zamanin auduga sau ɗaya kuɗi ke zuwa a shekara. Da an buɗe kasuwar auduga bayan kaka, an auna, an biya, to daga nan har zuwa bazara gari ya ɗauki harama. Manomi zai shigo da kuɗinsa ƙulle a lalita, ya sayi keke Raleigh, ya sayi fitilar ƙwai, turmin atamfa na uwargida da na amarya, kwanukan sha, gishiri, kananzir, in ya samu da yawa ya haɗa da rediyo ko bandir ɗin kwanon rufi. A lokacin ake aure, a lokacin ake biyan bashi, a lokacin ake shirin Makka. Da damina ta faɗi kuwa sai kasuwa ta yi sanyi, ɗan kasuwar ma ya ɗauki fartanya. Manyan kaya suna hannun kamfanonin Turawa ne irin su UAC da John Holt, waɗanda suka mamaye cinikin Arewa, suna sayen amfanin gona ta hannun wakilansu, suna sayar da kayan ƙasarsu. Daga sunan da Turawa ke kiran ɗakunan cinikin nan nasu ne ma muka samu kalmar kanti. Namu mutanen sai su saro daga kanti su bi kasuwannin ƙauye da koli a kai ko a bayan keke: allura, zare, madubi, kwalli, turare, sabulu. Haka kakana ya fara bayan ya yi shekara huɗu yana noma. Babanmu ya ce har ya rasu yana cewa auduga ce ta ba shi jari, koli ya ba shi mata, domin a yawon kolin ne ya ga kakata, Bafulatana daga wata ruga kusa da Kumo. Bayan jirgi ya iso ne ya tattaro ya dawo cikin gari, ya sami fili a Tudun Wada, ya kuma sami rumfa a kasuwar da yanzu muke kira Tsohuwar Kasuwa.

Sunan Tudun Wada ma kansa labari ne. Duk wanda ya san Zariya ko Kano ya san cewa a tsarin Turawa birni na 'yan gari ne, Sabon Gari na mutanen Kudu, Tudun Wada kuma na 'yan Arewa baƙi. Mu a nan Sabon Layi ne ya yi kama da Sabon Garin, kuma can ne Inyamurai suka yi ƙarfi a kayan gyaran mota, kayan lantarki da kayan gini.

Abubuwan da suka biyo baya zan bi ta kansu da sauri. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya ƙare a 1970 sun sa 'yan kasuwar Kudu da dama sun tafi, wasu sun dawo bayan yaƙi, a tsakani kuma 'yan Arewa suka shiga layukan cinikin da a da ba su cikinsu. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fitar da baƙin waje daga ƙananan ciniki. Ran 1 ga Janairu 1973 fam da sule suka kau, naira da kwabo suka zo, ko da yake tsofaffin mata sun ci gaba da lissafi da sule har zamanin da na yi wayo. A 1979 kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki, ginin bulo ya fara korar na ƙasa. Sai 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomin auduga ya rasa tabbataccen mai saye da tabbataccen farashi. Masaƙun Kaduna da na Kano da ke shan audugar su ma suka bi layi suna rufewa, babbar cikinsu UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Jirgin ƙasa shi ma ya daɗe da daina zuwa. Abin da ya riƙe garin bayan auduga shi ne hatsi: masara, wake, dawa, gero, shinkafa, daga baya riɗi da waken suya. Wanda yake son ya ga ƙarfin Gombe na gaske ya je Tudun Hatsi da kaka, ya ga tireloli na lodin wake zuwa Kudu, ya ji dillalai na faɗa a kan la'ada. Af, ga wani abu da ke rikita baƙinmu na Kano: mu a nan da mudu muke awo, in ka ce a ba ka kwano ko tiya nan take an gane daga inda ka fito.

Yadda Unguwa Ke Cefane

Yanzu bari in dawo cikin unguwa, inda ni na fi sani. Babbar Kasuwa tana nan, Tsohuwar Kasuwa tana nan, akwai ta Pantami, akwai Kasuwar Katako ga mai gini, amma gaskiyar magana ita ce yawancin abin da ake ci a gidajen Tudun Wada, Jekadafari, Herwagana, Bolari da Kumbiya-kumbiya ba daga kasuwa kai tsaye yake shiga tukunya ba. Yana bi ta hannu uku ko huɗu tukuna.

Hannu na ƙarshe, wanda kuma ba a cika lissafawa da shi ba, shi ne na matan cikin gida. A layinmu kaɗai akwai gidan da ake sayar da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, akwai gidan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, akwai gidan ƙanƙara da zoɓo, akwai na awara, akwai gidan da in ka aika yaro da naira ɗari za a ƙulla masa manja a leda. Ba allo a ƙofa, ba a biyan haya, amma kowace mace a layin ta san gidan da ake sayar da kaza, ta san kuma wadda hannunta ke da albarka wajen gyara. Waɗannan matan da ribar nan suke zubin adashi, da adashin suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Idan da za a tara cinikin da ake yi a bayan labule a garin nan a rana ɗaya, ina jin da masu manyan kantuna sun ji kunya.

Daga su sai mai tebur a bakin layi da 'yan gwari masu tumatir da attaruhu da albasa a kashi-kashi, yawanci daga fadamun Dadin Kowa da Kwadon. Sai mai tireda, wanda shi ne zuciyar unguwa. Namu tiredar a jikin gidanmu take, ni da ƙannena ke zama, Baba kuma yana shagon sari na kayan masarufi a Babbar Kasuwa. Aikin mai tireda shi ne ya fasa babba ya mayar ƙanana: buhun sukari ya koma ƙulli, katan ɗin taliya ya koma ɗai-ɗai har da rabi, jarkar mai ta koma ludayi. Talaka ba ya iya sayen buhu, to mai tireda ne ke saya a madadinsa ya riƙa tsakura masa kullum. Tabbas a ƙarshe talakan ya fi mai kuɗi biya da tsada, wannan ba abin musu ba ne, kuma ni da nake cin ribar na fi kowa sani.

Amma abin da ya riƙe tireda da gaske shi ne littafin bashi. Kowane shago a unguwa yana da shi, wani tsohon littafin makaranta mai ganye sittin, gefensa duk maiƙo. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A littafinmu akwai malamin firamare, akwai ɗan sanda, akwai direba, akwai bazawara mai 'ya'ya biyar. Ba a sa hannu, ba shaida, ba ruwa a kai. Jinginar kawai ita ce gobe za ku haɗu a masallaci. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta yi goyon Baba yana jariri, in ta zo ba ta tambayar farashi, sai dai ta ce, "Kai ɗan nan, zuba mini sukari na shayi, ka rubuta, in uban naka ya dawo ka ce ni ce." Shafinta na nan a littafi, kuma Baba ya hana a taɓa tara lissafinsa.

Da Gombe Ta Zama Babban Birni

Ran 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga Bauchi. Ba a haife ni ba a lokacin, amma duk ɗan kasuwar da ka tambaya zai ce maka daga ranar ne lissafi ya canza. Ma'aikata suka kwararo daga Bauchi da iyalansu, ana neman gidan haya ido rufe, bankuna suka buɗe rassa. A 2004, zamanin Gwamna Danjuma Goje, aka kafa jami'ar jiha, ɗalibai suka cika unguwannin da ke kewaye da ita. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gombe mutum sama da 260,000, alhali garin ya riga ya tsallaka iyakarta ya shiga Akko ta wajen Tumfure.

Abu biyu wannan ya jawo wa cinikin unguwa. Na farko, kalandar kasuwa ta tashi daga shekara ta koma wata. A da ana jiran auduga, yanzu ana jiran albashi. Daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabon wata kasuwa na ci, daga nan sai littafi ya karɓi aiki. Duk watan da albashi ya yi jinkiri, mai tireda ne ke fara ji a jikinsa kafin ma'aikacin ma, domin shi ne zai ci gaba da bayarwa alhali na sama da shi a kasuwa yana jiran kuɗinsa.

Na biyu, zaure ya mutu. Duk gidan da ke bakin titi, musamman bayan da aka shimfiɗa kwalta a cikin unguwanni, sai mai gidan ya fasa zaure da ɗakin samari ya fitar da ƙofa waje ya sa ƙyauren ƙarfe, ya zama shago. Inda dattawa ke shimfiɗa tabarma su ci tuwo tare, inda almajirai da baƙi ke kwana, yanzu kemis ne ko shagon cajin waya ko na ɗinki. Wannan abu yana yi mini ciwo ko da yake mu ma haka muka yi, don tiredarmu zauren kakana ce. Waɗanda suka fi ƙarfi kuma sai su sayi tsohon gida gaba ɗaya daga magada, su rushe, su tayar da bene mai shaguna ashirin ko talatin, a sa masa suna filaza. Magadan su raba kuɗi su koma bayan gari inda fili ke da araha. Da haka tsakiyar gari ke ta zama kasuwa, mutanenta na asali suna ta matsawa gefe.

Sai kuma shekarun da ba ma son tunawa. Ran 31 ga Oktoba 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line. Ran 22 ga Disamba na shekarar ya tashi a tashar Dukku. Ran 16 ga Yuli 2015, ranar Alhamis, jajibirin ƙaramar Sallah, da yamma kasuwa ta cika maƙil da masu sayen takalma da kayan yara, bama-bamai biyu suka tashi a Babbar Kasuwa, mutum kusan 50 suka rasu. Kwana shida bayan nan aka sake kai hari tashar Dadin Kowa da ta Dukku. Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, ina gida ina tsaron tireda, Baba yana kasuwa. Sai bayan isha'i ya shigo, rigarsa da jinin mutanen da suka taya ɗauka, bai ce da kowa komai ba, ya yi alwala ya shiga ɗaki. Washegari aka yi Idi, daga Idi aka wuce maƙabarta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa sun huta.

Wannan ma ya sauya yadda ake cefane. An sa shinge a ƙofofin kasuwa ana caje mutane, magidanta da yawa suka hana matansu da 'ya'yansu shiga cunkoso, ciniki ya dawo unguwa. A daidai lokacin kuma 'yan uwanmu na Borno da Yobe da arewacin Adamawa suna ta shigowa gudun hijira, kuma ba duka ne suka zo hannu rabbana ba, akwai manyan 'yan kasuwa da suka kwaso jarinsu suka dasa a nan. Hayar shago ta yi tsalle, filaza ta ƙaru. Mu da ake kira baƙi jiya sai ga shi muna kiran wasu baƙi, har ana gunaguni a majalisa wai sun tsadar da haya. Baba kan ce da masu gunagunin, haka aka ce da ubanninmu.

Kantunan Zamani

Yanzu akwai manyan kantuna na zamani a garin, masu na'urar sanyaya ɗaki, inda za ka ɗauki kwando ka zaɓi kaya da kanka, farashi na manne a jiki, ba tayi ba albarka. Ba na kushe su. Kayansu na da tsabta, ba a yi maka algus a awo, mace za ta shiga ta fito ba wanda ya matse ta. Wani lokaci ma madara ko sabulun wanki ya fi araha a can fiye da wurinmu, saboda su kai tsaye suke ɗauka daga kamfani. Amma a can ba a sayar da rabin taliya, ba a kuma rubutawa. Mai albashi mai tsoka yana zuwa can ranar da aka biya shi ya cika but, in wata ya yi nisa sai ka ga ya aiko yaro wurinmu da 'yar takarda. Danginmu na Kano masu yi mana gori kuwa na kan tuna musu cewa Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ta rufe a Janairun 2024, Singa da Kwari kuma suna nan inda suke.

Jarrabawar da ta fi girgiza tireda a zamanina ita ce ta 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi, sababbin kuma ba su wadata ba. A watan Fabrairu mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen koko. Masu POS suka zama sarakuna. Har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, an riga an sha wuya. A makonnin nan littafinmu ya cika har muka buɗe na biyu, kuma a lokacin ne Baba, wanda a da ko asusun banki ba ya son a ambata masa, ya yarda aka liƙa lambar asusu a bangon shago. Yau hatta mai ƙosai tana karɓar taransifa. Ya zo da nasa ciwon kai, ga alat na bogi, ga sabis da ke ɗaukewa mai saye na tsaye kai ma kana tsaye. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, lita ta haura naira 500, kuɗin dakon kaya daga Kano ya ninka. Abin da ya fi cutar da mai bayar da bashi shi ne wannan: ka ba mutum mudun shinkafa yau, ya biya ka bayan wata guda a farashin da ya ɗauka, ka je sari ka tarar kuɗin ba zai maido maka da mudun ba. Shaguna uku a layinmu da haka suka rufe, ba wanda ya cuce su, jarin ne ya narke a cikin littafi. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, ya ɗan taimaka wa ma'aikata, amma mai dako da mai wankin hula ba su da albashin da za a ƙara.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu jikokin baƙi kai tsaye, wadda ba a cika son yi a fili ba. Tsakani da Allah mutanen Gombe sun karɓe mu, mun yi auratayya da Fulani da Tera da Bolawa, mun yi maƙwabtaka da Tangale da Waja, harshenmu ma shi ne na kasuwa da na titi. Amma tsarin mulkin 1999 yana danganta mutum da jiha ne ta hanyar asalin iyaye ko kakanni, ba ta inda aka haife shi ba. Saboda haka wani sa'in idan ana rabon gurbin karatu ko aiki ko sababbin rumfuna, sai ka ji an tambayi saurayin da aka haifi ubansa a Tudun Wada takardar shaidar asali, wani ya samu cikin sauƙi, wani a ce ya koma garin kakansa, garin da ko hanyarsa bai sani ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa iyayenmu suka riƙe kasuwa da hannu biyu, suka kuma fi yarda da shago a kan takardar makaranta. Rumfa ita ce gonarmu, ita ce fanshonmu. Shi ya sa duk lokacin da aka fara maganar sabunta wata kasuwa ko tayar da 'yan wani layi zuwa sabon wuri, gaban dattawanmu ke faɗuwa, don sun san sabon shago da sabon farashi yake zuwa, kuma ba lallai wanda ya fita shi ne zai koma ba.

A gidanmu yanzu muhawarar da ake yi ke nan. Wani mai filaza a bakin babban titi ya yi mana tayin shago a ƙasan bene, amma yana son hayar shekara biyu a dunƙule, kuɗin da ya kusa rabin jarinmu. Ni ina ganin a karɓa, a sa kanta da firji da sola, a riƙa tallan kaya ta WhatsApp ana aikawa da Keke Napep har Tumfure, domin can masu kuɗin suka koma. Da na kawo maganar na ce, "Baba, ku duba fa, unguwar nan kullum raguwa take, gidaje na zama shaguna, wa zai rage ya saya a wurinmu?" Sai ya jawo littafin bashi ya ajiye a gabana ya ce in ƙirga masa gidajen da ke ciki. Na ƙirga, gida arba'in da ɗaya. Ya ce to in je in shaida musu da bakina inda za su riƙa karɓar gari da mai daga 15 ga wata, in na dawo sai mu yi maganar filaza. Mai benen ya ba mu zuwa bayan Babbar Sallah.